Yadda Ake Saka Gejin Zafin Inji da Gyara Agogunan Gaban Mota

Yawancin direbobi suna ɗaukar allurar zafi da kamfani ya saka a gaban mota tamkar shaida ce da ba ta ƙarya, alhali kuwa a motoci da yawa an tsara ta ne don ta kwantar wa direba hankali. Da zarar inji ya ɗumama sai allurar ta hau tsakiya ta tsaya cak, kuma ba za ta motsa ba ko zafin ruwan ya ƙaru da digiri goma ko fiye, sai dai in abin ya kai gargara, sannan ta zabura ta nufi ja. Wasu ƙananan motoci kuma, irin su Toyota Yaris da Honda Fit, yawancinsu ba su da allurar gaba ɗaya, fitila ce shuɗiya ko koriya da ke nuna inji bai ɗumama ba, da kuma ja da ke kamawa bayan zafi ya riga ya wuce kima. A ƙasashe masu sanyi wannan tsari ba ya cutar da kowa sosai. Amma ga mai tuƙi a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yake haura digiri 40, ko ga direban haya da ya yi lodi maƙil yana hawan Kibo a hanyar Jos, tazarar da ke tsakanin kamawar jar fitila da ƙonewar gaskit ba ta da yawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ƙarin geji mai nuna lamba, wanda zai gaya maka ko ruwan yana digiri 88 ne ko 104, yana cikin gyare-gyare masu arha da suka fi amfani ga mota a yankinmu, muddin an saka shi yadda zai faɗi gaskiya.

Kafin ka sayi komai, ka fara duba ko motarka ma tana buƙatar a huda mata wani abu. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD2, wanda makanikai ke jona kwamfutar bincike a cikinsa. Kwamfutar motar ta riga ta san ainihin zafin ruwa, allurar ce kawai take rage maka labari. Don haka akwai ƙananan gejoji na lamba da ake soka su a wannan soket kai tsaye, akwai kuma 'yar na'ura mai suna ELM327 da ke aika bayanin zuwa wayar hannu. Idan motarka tana cikin wannan rukuni, wannan hanya ta fi sauƙi, ba yankan tiyo, ba zubar da ruwa, ba taɓa waya. Abin lura kawai shi ne soket ɗin yana da wuta ko mota tana kashe, saboda haka na'ura mara inganci tana iya tsotse batir idan an ajiye motar kwanaki ba a tashe ta ba. Sauran bayanin da ke tafe ya fi shafar tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Peugeot 504 da 505 da tsofaffin Hiace, da kuma duk wanda yake son geji mai zaman kansa da bai dogara da kwamfutar motar ba.

Gejin zafi iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ba ya amfani da wuta, mai dogon siririn bututun ƙarfe da ke manne da shi tun daga kamfani, kuma a cikin bututun akwai sinadarin da ke kumbura idan ya ji zafi ya tura allura. Yana aiki ko mota tana kashe, amma ba a yanke bututun, ba a lanƙwasa shi sosai, kuma in ya tsage gejin ya tashi aiki ke nan. Na biyu shi ne mai wuta, wanda ya ƙunshi agogon da kuma sensa da ake ɗaurawa a hanyar ruwa, waya ɗaya ko biyu ce ke haɗa su. Shi na fi ba da shawara saboda sauƙin bi da waya. Faɗin da aka fi samu shi ne milimita 52, kuma mazauninsa ma a wannan awon ake yin sa. A Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka tarar da sababbi na China da kuma na hannu irin su VDO da aka ciro daga wasu motoci. Ka tabbata ka sayi agogon tare da sensar da aka yi masa, domin sensa tana aiki ne ta hanyar rage turjiyarta ga wuta yayin da zafi yake ƙaruwa, kuma kowane kamfani da nasa ma'aunin. Idan ka haɗa agogon wani kamfani da sensar wani, allura za ta motsa, amma lambar da za ta nuna ba ta da alaƙa da zafin injinka. Ka kuma duba ko lambobin na Salshiyos ne ko na Faranhait, saboda kayan Amurka da Faranhait suke zuwa, inda 212 yake daidai da digiri 100 na ma'aunin da muka saba.

Gwaji kafin ɗaurawa

Akwai gwaji guda da bai kamata a tsallake ba, kuma ba ya cin minti ashirin. Ka ɗora gejin a kan tebur, ka jona shi da batir, ka haɗa sensar, sannan ka tsoma kanta a cikin tukunyar ruwan da ke tafasa, kana riƙe da ita da filaya don kada ta taɓa gindin tukunyar. Idan sensar mai waya ɗaya ce, sai ka naɗa wata waya a jikin ƙarfenta ka kai ta nagatif ɗin batir, in ba haka ba allurar ba za ta motsa ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, kuma yana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk hawan mita 300, don haka a Kano ka sa ran ganin wajen 98, a Jos kuma wajen 96. Gejin da ya nuna 85 ko 110 a cikin tafasasshen ruwa ka mayar wa mai shi tun ba ka yanke tiyo ba. Idan kuskuren na digiri biyu ne ko uku, kana iya riƙe shi, amma ka san da shi.

Inda za a ɗaura sensa

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Ƙa'ida ta farko ita ce kada ka cire sensar da kamfani ya saka don ka sa taka a gurbinta, kuma kada ka jona sabon geji a kan wayarta. A motoci masu kwamfuta, da wannan sensar ake lissafin yawan man da za a fesa wa inji da lokacin da fanka za ta tashi, don haka duk abin da ya gurɓata saƙonta zai jawo shan mai da baƙin hayaƙi, wani lokacin ma fankar ta ƙi tashi.

Wuri mafi kyau shi ne ramin da ba a amfani da shi a jikin kan silinda ko kusa da gidan tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama) ta ɓangaren inji, wanda kamfani ya toshe da noti. Idan ka samu irin wannan, sai ka lura da zaren jikinsa, wato tiredi, domin a nan mutane da dama suke ɓata kan silinda. Yawancin sensocin kasuwa suna zuwa da zaren Amurka na 1/8 NPT mai layi 27 a inci ɗaya, injinan Japan kuwa suna amfani da 1/8 BSPT mai layi 28, na Turai kuma da awon milimita irin M10x1 ko M14x1.5. Na Amurka da na Japan sun yi kama har ido ba ya rabe su, kuma sensar za ta shiga zagaye biyu ko uku kafin ta cije. Wanda ya ɗauki sifana ya tilasta ta a wannan lokacin zai cinye zaren alminiyon, wanda ƙarfe ne mai laushi, ya bar ramin yana yoyo. Ka nemi mahaɗin tagulla da ya dace da ɓangarorin biyu, ka fara murɗawa da hannu, sifana kuma sai a zagayen ƙarshe.

Idan babu irin wannan rami, hanyar da aka fi bi ita ce mahaɗin alminiyon da ake sakawa a tsakiyar babban tiyon sama na lagireto. Ana sayar da shi bisa faɗin cikin tiyo, daga milimita 28 zuwa 40, saboda haka ka auna naka kafin ka je kasuwa. Tiyon sama ake zaɓa domin ta nan ruwa mai zafi yake fitowa daga inji, na ƙasa kuwa ruwan da ya riga ya huce yake ɗauka. Sai dai wannan wuri yana da rauni guda biyu da dole mai mota ya sani. Muddin tamostat bai buɗe ba, ruwa ba ya gudana sosai a wannan tiyo, don haka gejin zai yi jinkirin hawa da safe, kuma idan tamostat ya maƙale a rufe, injin na iya yin zafi gejin yana nuna ƙasa da gaskiya. Rauni na biyu ya fi haɗari: idan ruwa ya tsiyaye, kan sensar zai koma cikin iska, allura ta faɗo ƙasa a daidai lokacin da inji yake dahuwa. Duk ranar da ka ga gejin ya hau sannan ya faɗo haka kawai kana cikin tafiya, ka tsaya, kada ka ɗauka motar ta huce. Don rage wannan matsala, ka juya mahaɗin yadda sensar za ta kasance a gefe ko ta ƙasan tiyo, inda ruwa yake taɓa ta kullum. Ƙaramin tiyon hita, wanda a injina da yawa ruwa yake zagayawa cikinsa ko tamostat yana rufe, ya fi ba da labari na gaskiya idan ba a riga an toshe shi ba.

Aikin kansa ana yin sa ne da inji mai sanyi, wanda ya kwana ya fi. Murfin lagireto yana riƙe matsi na wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, abin da ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, kuma buɗe shi da zafi yana watso ruwan da ke saɓule fata. Ka sa roba mai tsabta a ƙasa, ka kwance magudanar lagireto ka rage ruwan har ya sauka ƙasa da tiyon sama. Ka zaɓi miƙaƙƙen wuri a jikin tiyon, nesa da fanka da bel, ka yanke da wuƙa mai kaifi, ka cire ɗan guntun da ya yi daidai da tsakiyar mahaɗin don kada tiyon ya ƙara tsawo ya lanƙwashe. Ka zura kilif biyu tukuna, sannan ka tura mahaɗin, ka ɗaure kowane kilif a bayan tudun bakin mahaɗin. Idan tiyon ya tsufa, ya yi laushi ko ya kumbura, ka canja shi gaba ɗaya, domin tsohon tiyo da aka yanka ba ya daɗewa. Game da farin tef ɗin da masu aikin famfo ke naɗawa a zare, a yi hattara: sensa mai waya ɗaya ta jikinta take samun nagatif, kuma tef mai yawa yana raba ta da ƙarfe. Ban da haka, mahaɗin yana zaune ne tsakanin roba da roba, don haka dole a ja waya daga ɗan sukurun da ke jikinsa zuwa jikin inji.

Wayarin

Ka cire kan nagatif na batir kafin ka taɓa kowace waya, kuma idan motar tana da jakar iska ka jira kamar minti uku kafin ka fara aiki a gaban mota. Wayoyi da soket masu launin rawaya a ƙarƙashin dashbod galibi na jakar iska ne, ba a gwada su, ba a jona komai a kansu. Wasu rediyoyi, musamman na Honda da Volkswagen, suna neman lambar sirri bayan an cire batir, don haka ka tabbata kana da ita.

Geji mai wuta yawanci waya huɗu gare shi: ta wuta, ta nagatif, ta fitila, da ta sensa. Launukan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka takardar da ta zo cikin kwalin ita ce abin bi. Wayar wuta ana ɗaukar ta ne daga layin da ke kawo wuta sai an murɗa makulli, kuma wuri mafi tsabta shi ne akwatin fis na cikin mota. Ka mayar da batir na ɗan lokaci, ka yi amfani da maltimita ko fitilar gwaji ka gano fis ɗin da ke mutuwa idan an zare makulli, kamar na abin kunna sigari ko na rediyo, ka guji na kwamfutar inji da na birkin ABS da na jakar iska. Sabon layin ya samu nasa fis ƙarami, amfiya 3 ko 5, a kusa da inda aka ɗauko wutar. Ɗabi'ar fere wayar makulli a murɗa wata a kanta a naɗe da salatif, ba tare da fis ba, ita ce ke haddasa gobarar dashbod, domin zafin cikin motar da aka ajiye a rana yana narkar da gam ɗin salatif ya bar wayar tsirara. Ka sa mai wayarin ya like mahaɗa da dalma ko ya matse su da kan waya na ƙarfe, ya rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Wayar nagatif ta tafi wani noti da ke ɗaure a ƙarfen motar kai tsaye, a kankare fenti da tsatsa a wurin. Wayar fitila kuma a jona ta da layin ƙananan fitilu, yadda gejin zai haska ko ya rage haske da dare tare da sauran agogunan. Wayar sensa ita ce za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota, kuma a bi da ita ta cikin zoben roba da sauran wayoyi suka bi. Idan dole sai an huda sabon rami, a duba bayansa tukuna, a kuma sa masa zoben roba, saboda bakin ƙarfe yana yanke waya a hankali da girgizar hanya. A ɗakin inji a ɗaure ta nesa da bututun hayaƙi da wayoyin fulogi, waɗanda ke sa allura rawa.

Alamar nagatif mara kyau tana da sauƙin ganewa: ka kunna manyan fitilu ko fankar AC, idan allurar zafi ta yi tsalle nan take, matsalar a wayar take.

Mazaunin gejin ya zama inda ido zai kai gare shi ba tare da ka kawar da kai daga hanya ba, kamar gefen sitiyari ko gurbin rediyo da ba a amfani da shi. Kada a kafa shi a kan murfin jakar iska ta fasinja, ko a ginshiƙin gefen gilashin gaba idan akwai rubutun SRS, wato alamar jakar iska, a jikinsa, domin in jakar ta fashe za ta harbo gejin a fuskar mutum. Saman dashbod kuma rana tana gasa shi, har fuskar gejin lamba ta yi baƙi.

Bayan an gama, ka mayar da ruwan, ka tayar da inji murfin lagireto yana buɗe, ka bar shi yana silo har kumfar iska ta daina fitowa, kana ƙara ruwa, sannan ka rufe ka jira fanka ta tashi. Ka duba yoyo a mahaɗin, ka sake dubawa washegari da safe, ka ƙara matse kilif ɗin in ya saki. A injina da yawa na Toyota tamostat yana fara buɗewa a digiri 82, na Volkswagen kuma wajen 87, kuma zafin aiki na yawancin injina yana tsakanin 85 da 100. Ka lura da lambar da motarka take tsayawa a buɗaɗɗiyar hanya da wadda take kaiwa a cunkoso, saboda kaucewa daga waɗannan lambobi shi ne gargaɗin da kake nema. Idan ka ga gejin ya ƙi wuce 60 ko 70, mai yiwuwa an cire tamostat an kuma haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda garejinmu da yawa suke yi wa motocin Kwatano da sunan maganin zafi. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai fiye da kima kuma yana saurin cinyewa.

Wanda ya ga amfanin gejin zafi yakan so ya ƙara na caji da na matsin baƙin mai. Na caji shi ne mafi sauƙi, wuta da nagatif kawai yake buƙata: batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 mota tana kashe, da 13.8 zuwa 14.4 inji yana aiki. Na baƙin mai yana da amfani saboda jar fitilar kamfani ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, amma a zaɓi mai wuta, don mai bututu yana shigo da mai mai zafi har gaban direba. A bar sensar fitilar asali a wurinta, a ƙara sabuwar ta faifan da ake sakawa a ƙarƙashin filtar mai. Rataya babbar sensa a kan siririn mahaɗin tagulla a jikin inji yana ƙarewa da karyewa saboda girgiza, kuma mai zai zube cikin ɗan lokaci.

Taɓa agogunan asali

Gyaran da aka fi yi wa allon agogunan kamfani shi ne canja ƙwayayen fitilarsa zuwa LED don ƙarin haske. Ana kwance murfin robar da ke kewaye da allon, a cire sukurori, a jawo shi a hankali a zare soket ɗin baya, sannan a murɗe ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. LED yana da fozitif da nagatif, don haka wanda ya ƙi kamawa a juya shi kafin a ce ya mutu, kuma a gwada duka kafin a mayar da allon. Amma akwai ƙwai ɗaya da ba a taɓawa a tsofaffin motoci, shi ne na fitilar batir. Ta cikin wannan ƙwai ne 'yar wutar da ke tayar da cajin altaneta take bi, kuma LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce, sai mota ta daina caji ko ta ƙi farawa sai an taka totur sosai, mai ita kuma ya yi ta canja batir da altaneta a banza.

Cire allura don canja fuskar agogo, alal misali a mayar da na mil zuwa kilomita a motocin Amurka, aiki ne mai buƙatar natsuwa. A ɗauki hoton inda kowace allura take inji yana silo bayan ya ɗumama, a kuma cika tanki kafin a fara don a san inda ta mai za ta koma, sannan a ɗaga allurar a miƙe da cokula biyu ta gefe da gefe don kada sandarta ta lanƙwashe. Bayan an mayar, a gwada gudu da GPS na waya. Ga wanda ba ya son wannan wahala, ya isa ya riƙe cewa mil 60 kusan kilomita 97 ne. Canja allon gaba ɗaya da na wata mota kuma yana da nasa tarko, domin a wasu motoci, irin su Golf 4, na'urar da ke tantance makulli tana cikin allon, kuma mota ba za ta ci gaba da aiki ba sai an daidaita su da kwamfuta.

Lissafin tafiyar mota ma galibi a cikin allon yake, saboda haka idan ka canja shi ka rubuta lambar tsohon da ranar canjin a takardun motar, ka kuma gaya wa duk wanda zai saya. Rage wannan lamba, ko zare ƙwan fitilar inji da ta jakar iska don kada mai saye ya ga matsala, ha'inci ne da zai iya jawo asarar rai, kuma mai wayarin da ya san darajar sana'arsa ba ya karɓar irin wannan aiki. Mai sayen mota na iya gano shi cikin sauƙi: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ƙirga fitilun gargaɗin da suka kama, domin a wannan matakin fitilar inji da ta baƙin mai da ta batir da ta jakar iska duk ya kamata su haska, kuma wadda ta ƙi fitowa sai a buɗe allon a duba dalili.